"Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne": ta rufe wanda ya ajiye kiɗan da ya gagare shi?

Ɗalibar Fiyano: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Mu masu koyon fiyano mun mayar da wannan karin magana abin faɗa duk sanda kiɗa ya gagare mu. Ga kiɗan Für Elise na Beethoven: farkonsa kusan kowa na bugawa, amma da an shiga tsakiya, inda hannun dama ke gudu, sai a tsaya cik. A rufe takardar kiɗan, a ɗauko wani, shi ma a bar shi a rabi. In an tambaya sai a ce ja da baya ga rago. Shin ta rufe mu, ko fakewa muke yi da ita?

Baba Makiyayi: Wa alaikumus salam 'yata. Ban san fiyano ba, amma na san raguna. In suna karo, rago yana ja da baya ne kai a sunkuye, idonsa a kan abokin karonsa. Taku kaɗan zai yi, don ya samu filin kwaso gudu. Wanda ya juya ƙeya ya nufi garke, wannan an kore shi ne. Ki duba kanki: tun da kika ajiye kiɗan, har yanzu kina fuskantarsa?

Malamin Kiɗa: Allah ya ƙara girma Baba, ka gama magana. Abin da nake gani wajen ɗalibai shi ne kullum daga farko suke somawa. Farkon ya yi ta sheƙi, wurin da ke kayar da su kuma sai an gaji ake isa gare shi, a yi tuntuɓe, a koma farko. Da haka yatsu ke haddace kuskuren, kuma cire shi ya fi koyon sabo wuya.

Ja da baya na gaskiya shi ne ki ware gaɓar nan ita kaɗai, ko da sauti takwas ne. Hannun dama daban, hagu daban. Ki rage gudun na'urar ƙirga bugu har inda ba kya kuskure, ki zaɓi yatsan da zai taɓa kowane maɓalli, kada ki canza gobe. Wani lokacin ma kiɗan ne ya fi ƙarfin matakin mutum. A kiɗan Fantaisie-Impromptu na Chopin, hannun dama na buga sauti huɗu a daidai lokacin da hagu ke buga uku. Wanda hannayensa ba su saba rabuwa ba, ya ajiye shi ya koma ƙananan darussan da Bach ya rubuta wa ɗansa, masu murya biyu, wato kowane hannu da nasa kiɗan. Wannan ɗalibin karin maganar ta rufe shi, domin abin da ya kayar da shi yake wa shiri.

Mai Kibod: Malam, a gafarce ni, ban yarda da duka ba. Kun mayar da abin kamar dole sai an koma. Ni kiɗan biki nake ci da shi, akwai kiɗan da na bari har abada kuma raina bai ɓaci ba. Wani tafin hannunsa ƙarami ne, ba zai kai inda ake so ba. Schumann fa? Ya so ya zama gwanin buga fiyano, yatsan hannun damansa ya samu matsala a farkon shekarun 1830, ya haƙura ya koma tsara kiɗa, kuma da shi duniya ta san shi. Wannan juya ƙeya ne, amma wa zai ce an kore shi? Gare shi sai dai a ce daidai ruwa daidai tsaki.

Malamin Kiɗa: Ƙanena, a kan ciwo ina tare da kai. Duk wanda wuyan hannunsa ko yatsunsa suka fara zafi ya tsaya, kada wani ya kawo masa "mai haƙuri yakan dafa dutse." Amma Schumann bai ce zai dawo ba. Damuwata masu cewa za su dawo alhali sun san ba sa komai. Ga gwanin fiyano Vladimir Horowitz: ya bar fitowa gaban jama'a a 1953, bai dawo ba sai 1965 a zauren Carnegie na New York. Shekara 12, amma a cikinsu yana bugawa a gida, har faifai yana naɗa.

Gwaggo: Ni abin da ya tsaya mini shi ne wa ke faɗar ta. Yadda na taso na ji, ɗan kallo ne ke faɗa, don ya gargaɗi mai murnar cewa abokin gabarsa ya tsorata. Mutum ya faɗa wa kansa, ai yabon kai ne tun bai yi komai ba. 'Yata, ki bar malaminki ya faɗa miki ita ranar da ya ga kin haye wurin.

Mai Kibod: Gwaggo, da girmanki, 'yan siyasa da 'yan dambe suna faɗa wa kansu, kuma ba wanda ya ce sun yi kuskuren Hausa.

Gwaggo: Suna faɗa ɗana, amma barazana suke yi, akwai abokin hamayya da ke saurare. Ita wannan yarinya wa take yi wa barazana, takarda?

Ɗalibar Fiyano: Na gode ƙwarai. Malam, in na ware gaɓar, yaushe zan haɗa ta da sauran kiɗan?

Malamin Kiɗa: Sai kin buga ta sau da yawa a jere ba tuntuɓe, a hankali. Daga nan ki ƙara gaɓa ɗaya kafinta da ɗaya bayanta, domin a mahaɗar ake yawan faɗuwa. Gudu shi ne na ƙarshe, kuma kaɗan-kaɗan za ki riƙa ƙara shi.