Damawa da kowa a ayyukan samar da ruwa: aiki ne ko adon takarda?

Ɗalibar Nazari:
Assalamu alaikum. Ina nazari kan ayyukan raya ƙasa da hukumomin duniya ke ɗaukar nauyinsu, kuma da wuya na ga takardar aikin ruwa wadda ba ta yi alƙawarin damawa da kowa ba. Tun ranar 28 ga Yulin 2010 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa samun tsaftataccen ruwa haƙƙi ne na kowane ɗan Adam, sannan a 2015 aka sanya wa muradi na 6 na ci gaba mai ɗorewa, wato samar wa kowa ruwa da tsafta, wa'adin 2030. Amma alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun nuna cewa a 2022 kimanin mutum biliyan 2.2 ba su da ingantaccen ruwan sha a inda suke zaune. Don Allah, masana, me ya raba aikin da ya dama da kowa da wanda ya rubuta hakan kawai don masu ba da tallafi su saki kuɗi?

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam, Malama. Bambancin yana farawa ne daga abin da ake ƙirgawa. Idan rahoto ya ce an haƙa rijiyoyin burtsatse kaza, bai gaya maki wanda yake sha ba. Shi ya sa ma'aunin waɗannan hukumomi biyu ba ya lissafa gida cikin masu samun ruwa daidai gwargwado sai in zuwa da dawowa, haɗe da tsayuwa a layi, bai wuce minti 30 ba. Sai kuma tsarin ginin kansa: tsawon famfo, taurin hannunsa, da matakalar da mai keken guragu ko tsohuwa ba za su iya hawa ba. Gyara waɗannan tun a zane ba ya cin kuɗi mai yawa, amma bayan an zuba siminti sai an fasa. Sashe na 28 na yarjejeniyar kare haƙƙin nakasassu ta 2006 ya ambaci ruwa ƙarara, sai dai ba kowane ɗan kwangila ne ya taɓa jin labarinsa ba.

Ma'aikaciyar Al'umma:
Injiniya ya yi gaskiya, amma a ganina gizo ba a wurin siminti yake saƙa ba, a wurin yanke shawara ne. Tun taron ƙasa da ƙasa kan ruwa da aka yi a Dublin ta ƙasar Ireland a 1992 aka yarda cewa mata ne ƙashin bayan harkar ruwa, kuma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2023 ya nuna cewa a gidaje 7 cikin 10 da ba su da ruwa a harabarsu, mata da 'yan mata ne ke ɗebowa. Abin da yawancin ayyuka suka yi da wannan sani shi ne ware wa mata kujeru a kwamiti. Na sha halartar zama inda sunayensu ke cikin rajista, alhali an sa taron a lokacin da suke kan layin famfo, ajiyar kuɗi da sa hannu kuma suna wurin wasu. Wani lokaci ma kujerar ƙarin wahala ce, domin sharar wurin da karɓar kuɗin guga ake bar masu ba tare da lada ba. Akwai kuma waɗanda ba a ko ƙirga su: makiyayan da suka yi ƙaura ranar da masu bincike suka zo, da 'yan haya a unguwannin da ba su da takardar fili, waɗanda hukumar ruwa ba za ta ja masu bututu ba.

Mai Nazarin Tattalin Arziki:
Hajiya, batun 'yan haya da kika kawo shi ya fi damuna, saboda rangwamen farashi yana zuwa ne ga wanda ya riga ya sami bututu, talaka kuwa yana saye a hannun dillalai da tsada. Tsarin da ke ƙara farashi gwargwadon yawan amfani an ƙirƙire shi don kare marasa ƙarfi, amma idan gidaje goma suna raba mita ɗaya, sai a caje su kamar masu almubazzaranci. Afirka ta Kudu ta fara ba kowane gida lita 6,000 kyauta a wata a shekarar 2001, wanda abin yabo ne, sai dai gida mai mutum uku da mai mutum goma sha biyu rabonsu ɗaya. Na fi gamsuwa da abin da hukumar ruwa ta Phnom Penh a Kambodiya ta yi, inda ta sauƙaƙa wa matalauta kuɗin jan bututun, sannan kowa ya biya abin da ya sha.

Injiniyan Ruwa:
Malam, wannan yana aiki a birni inda akwai hukuma mai karɓar kuɗi. A karkara, ranar da famfo ya lalace bayan masu tallafi sun tattara kayansu, masu hali ne ke haɗa kuɗin gyara, kuma daga ranar su ke riƙe makulli. Malama, ki nemi rahotannin da aka rubuta shekara biyar bayan kammala aiki, in kin same su.