Muhawara a kan "Horon Masifaffiya", wasan da aka ce sai an datse wutsiyarsa

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ina da ƙorafi, kuma ban ga inda ya dace in kai shi ba sai wurinku, domin ku ne kuka san wahalar ɗora wasa a kan dandamali. Mako bakwai ke nan ni da ɗalibaina goma sha huɗu muna gwajin wasan Shakespeare mai suna The Taming of the Shrew, wanda na mayar da shi Hausa na sa masa suna "Horon Masifaffiya". Ga wanda bai karanta ba, labarin wani attajiri ne na birnin Padua a Italiya, Baptista, da ya ce ba zai aurar da ƙaramar 'yarsa Bianca ba sai babbar, Katherina, ta samu miji, alhali kowa na gudunta saboda kaifin harshenta. Sai Petruchio ya zo daga Verona neman mace mai dukiya, ya aure ta, ya yi ta juya ta har ta zama ita ce a ƙarshen wasa take yi wa sauran mata wa'azin biyayya. Jiya da la'asar, muna tsakiyar fitowar da tela ke kawo riga, aka miƙo mini takarda daga kwamitin bikin makarantarmu cewa ko dai in cire wannan jawabi na ƙarshe, ko a cire wasan gaba ɗaya daga tsarin biki. Yarinyar da ke fitowa a matsayin Katherina ta yi kwana ashirin tana haddar jawabin nan mai layi 44, har a bangon littafin darasinta ta kwafe shi. Da na karanta musu takardar, sai ta cire mayafin wasan, ta ninke shi, ta zauna a bakin dandamali ba ta ce uffan ba. Abin da nake cewa shi ne, wasan da aka rubuta tun farkon shekarun 1590 ba a gyara shi da almakashi. A nuna shi cikakke, sannan a kunna fitila a zauna da 'yan kallo a tattauna abin da suka gani. Ko akwai wanda yake ganin na yi kuskure?

Malama Rabi: Wa'alaikumus salam. Malam Habu, kafin a kai ga almakashi, ni sunan da ka raɗa wa wasan ne ya tsaya mini a rai. Mutum ya ɗauke amarya daga gidan ubanta kafin a ci abincin biki, ya kai ta gidansa da yunwa, ya watsar da naman da aka kawo yana cewa ya ƙone, ya hana ta barci da sunan shimfiɗa ba ta yi kyau ba, har ta koma tana roƙon baransa Grumio ya taimaka mata da ko mene ne ta sa a bakinta, sannan ka kira wannan horo? Wannan azabtarwa ce. Duk ɗalibin da ya karanta "horo" a jikin allon sanarwa ya riga ya yanke hukunci cewa matar ce mai laifi tun kafin a ɗaga labule.

Malam Iliyasu: Ina ganin Malam Habu bai zaɓi kalmar nan da ka ba. A kashi na huɗu Petruchio da bakinsa yake gaya wa 'yan kallo cewa yana yi mata yadda ake yi wa shaho ne, kuma masu farauta da shaho a Ingila ta wancan zamani haka suke yi, su rage wa tsuntsun abinci su hana shi runtsawa har ya saba da hannun mai shi. Bahaushe kuwa yana cewa an hori doki, an hori soja, an hori ɗan dambe. Mai fassara amana aka ba shi, aikinsa ya kawo abin da marubuci ya faɗa ko da bai yi masa daɗi ba.

Malama Rabi: To ai ka tabbatar da maganata, Malam Iliyasu, tunda misalanka doki ne da tsuntsu. Shi ma Petruchio ranar ɗaurin aure abin da ya faɗa ke nan a gaban jama'a, cewa ita kayansa ce, gidansa ce, gonarsa ce, dokinsa ce, sansa ce, jakinsa ce. Amma horo a Hausa yana da fuska ta biyu wadda kake kauce mata: idan aka ce malami ya hori yaro, kowa ya san yaron ya yi laifi ne, kuma malamin yana da hurumin hukunta shi. Wane laifi Katherina ta yi wa Petruchio kafin ya zo neman aurenta saboda tsaba 20,000 ta kuɗin zamanin da rabin filayen ubanta?

Dakta Bala: Ku yi mini izini in sa baki, domin maganar ta shigo gonata. Kalmar da ta fi kusa da abin da Baturen ya rubuta ita ce "horewa", irin wadda muke nufi idan muka ce Allah Ya hore wa mutum abu, wato ya zama a ƙarƙashin ikonsa, yana juya shi yadda ya so. Wannan ba ta ɗauke da ma'anar laifi, kuma ba ta wanke mai yi. Sannan ita ma "masifaffiya" tana da magana. Kalmar Ingilishin, wato shrew, asalinta sunan jaɓa ce, ƙaramar dabbar nan mai tsinin baki, daga baya aka riƙa kiran mace mai faɗa da ita, don haka "mafaɗaciya" ta fi dacewa, domin masifa ta fi faɗa nauyi nesa ba kusa ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne, 'yan'uwanmu na sashen Ingilishi sukan zauna su fassara littafi sukutum ba tare da sun leƙo sashen Hausa sun yi tambaya ko ɗaya ba, sai abu ya lalace a zo ana neman mai gyara.

Malam Iliyasu: Ranka ya daɗe Dakta, da girmanka, wannan gori bai dace ba. Malam Habu Bahaushe ne gaba da baya, bai buƙatar takardar izini daga wani sashe kafin ya yi magana da harshen da ya tsotsa a nono. Kuma wa zai sayi tikitin wasan da aka rubuta wa "Horewar Mafaɗaciya"? Ko a baki ba ya zama.

Dakta Bala: Tsotsar harshe daban, nazarinsa daban. Lokacin da marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wani wasan barkwancin Shakespeare zuwa "Daren Sha Biyu", daga ɓangaren Hausa ya fito, kuma har yau ana karanta aikinsa. Ban ce kada kowa ya yi fassara ba, na ce a riƙa tambaya.

Zainabu: Iyayena da yayyena, ku yi haƙuri in ce wani abu ko da ni ce ƙarama a nan. Malam Habu ne ya koya mini wasan kwaikwayo shekara uku, kuma ban taɓa jin ya wulaƙanta mace ko da wasa ba, saboda haka ba na jin daɗin yadda ake maganar kamar shi ne Petruchio. Abin da ya koya mana shi ne, wasan yana farawa ne da wani mai facin tukwane, Christopher Sly, wanda ya bugu ya kwanta a bakin hanya, wani basarake ya sa aka ɗauke shi aka yi masa ado aka ce masa shi ne mai gida, sannan aka kawo 'yan wasa su nishaɗantar da shi. Ke nan duk labarin Katherina wasa ne a cikin wasa, wanda aka shirya wa mashayin da ake yaudara. A bugun wasannin Shakespeare na 1623 Sly yana ɓacewa tun farkon wasan, amma a wani wasa mai kama da shi da aka buga a 1594 yana farkawa a ƙarshe ya ce yanzu ya san yadda zai yi da matarsa. Idan an riƙe wannan, horon ya zama mafarkin mashayi.

Malama Rabi: Zainabu ƙanwata, babu wanda ya taɓa mutuncin malaminki, kalma muke magana a kai, kuma kin ga ke ma da kika zo kare shi "horon" kika ce, wato sunan ya riga ya zauna miki a baki. Wannan shi ne abin da nake tsoro. Kada kuma wani ya ce mini idon zamani ne kawai ke ganin aibin. Shakespeare yana raye, wajen 1611, wani marubucin wasanni, John Fletcher, ya rubuta wasan da ya zama martani, inda Petruchio ya sake aure bayan rasuwar Katherina, sabuwar matar Maria ta juya shi har ya saduda. A 1897 marubucin wasanni George Bernard Shaw ya rubuta cewa fitowar ƙarshe abin ƙyama ce ga mutumin zamaninsa. A 2015 kuma ƙasar Shakespeare ɗin kanta ta yi doka a Ingila da Wales wadda ta mayar da danne abokin zama ta hanyar tursasawa da mallake rayuwarsa laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara biyar. Mutumin da zai tsayar da tafiya a kan hanya, kamar yadda Petruchio ya yi, ya ce ba za a ci gaba ba sai matarsa ta yarda rana wata ce, yau a can kotu za a kai shi.

Malam Tanko: Amma a yi adalci, Malama, a cikin rubutun babu inda Petruchio ya ɗaga hannu ya doke ta, ita ce ma ta mare shi a haɗuwarsu ta farko. A zamanin da ake sa wa mace mai faɗa linzamin ƙarfe a baki a zaga gari da ita, ko a ɗaure ta a kujera a tsoma a ruwa, mijin da bai yi duka ba ai mai sauƙi ne. Bulalar da ake ganin wasu 'yan wasa suna riƙewa daga baya aka ƙaro ta. Kuma wani abokina da ya kalli wasan a Landan ya ce mini mata ne suka fi kowa dariya a zauren.

Malama Rabi: Abokinka ɗaya a dare ɗaya ba hujja ba ne, Malam Tanko. Kuma yunwa da rashin barci ba su barin tabo a fata, shi ya sa masu yin su suke samun masu kare su.

Malam Habu: Jama'a, ina roƙonku, ko a sa masa "horo" ko "horewa" ko a bar shi babu suna, tambayata tana nan: a yanke jawabin ƙarshe ko kada a yanke? Ranar Litinin kwamiti ke jiran amsata.

Malam Iliyasu: Za a zo kan wannan, Malam Habu, amma ba zan bar maganar dokar Ingila ta wuce ba. Malama Rabi, tun muna ɗalibai haka kike, duk abin da aka kawo sai kin auna shi da ma'aunin Turawa, kuma na lura duk sanda Malam Habu ya kawo aiki ke ce ta farko da ke neman aibinsa.

Malama Rabi: Wasan Bature ne, an rubuta shi a ƙasar Bature, da wane ma'auni kake so in fara auna shi? Idan kuwa ma'auninmu kake so, nuna mini malamin da ya halatta wa miji hana matarsa ci, alhali ciyarwa wajibi ce a kansa. Tunda kuma ka tono zamanin ɗalibta, ka tuna shekarar da aka zaɓe ni in ba da umarni a wasan ƙarshen zango, ku huɗu kuka je kuka ce maza ba za su karɓi umarnin mace ba, aka karɓe aka ba wani. Ban manta ba, kuma ban yi mamakin ganin inda ka tsaya yau ba.

Dakta Bala: Ni dai har yanzu ba a amsa mini batun "masifaffiya" ba, kuma ina ganin a nan ne kuskuren ya fi girma.

Zainabu: Ranka ya daɗe, a fim ɗin wasan na 1929 Mary Pickford, wadda ta fito a matsayin Katherina, ta karanta jawabin ƙarshen ne sannan ta ƙifta wa Bianca ido, a 2019 kuma a Stratford, garin su Shakespeare a Ingila, an juya wasan, mata suka zama masu iko, namiji ya zama wanda ake lanƙwasawa. Ko Malam zai duba ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi?

Malam Tanko: Dare ya yi, kuma a matsayina na wanda aka ɗora wa kula da wannan zaure bari in taƙaita. Abin da na fahimta shi ne, mafi yawanmu mun gamsu cewa "horo" fassara ce mai aminci, kamar yadda Malam Iliyasu ya kafa hujja da maganar shaho daga cikin wasan kansa. An kuma tabbatar cewa babu duka a rubutun, kuma Zainabu ta nuna cewa duk abin mafarki ne, don haka babu dalilin tayar da hankali. Dakta ya kawo gyara na ƙamus wanda za a iya dubawa nan gaba. Malama Rabi ta nuna damuwarta, muna girmama ta, ko da yake mafi yawan abin da ta kawo ra'ayin mutanen waje ne da kuma tsohon ɓacin rai. Ina ganin sunan ya zauna yadda yake.

Malama Rabi: Ban yarda da wannan taƙaitawa ba. Mutum biyu ne suka goyi bayan kalmar, kai da Malam Iliyasu, kuma yunwar, da rashin barcin, da lissafa mace cikin dabbobi, duk daga cikin wasan na ɗauko su, ba daga waje ba. A rubuta cewa ban amince ba.

Malam Habu: Gobe da ƙarfe huɗu akwai gwaji, kuma yarinyar nan za ta tambaye ni ko ta ci gaba da haddar jawabinta. Malama Rabi, duk da saɓaninmu, ina roƙon ki zo ki zauna a layin gaba ki ji yadda take karanta shi, musamman wurin da take cewa mata su sa hannu a ƙarƙashin ƙafar mazajensu, domin a nan muryarta ke rawa kullum, kuma ban taɓa ce mata ta gyara ba. Bayan kin ji, sai mu rubuta wa kwamiti amsa tare.