Me za mu kira “case” na waya da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Ɗalibaina na aji biyu sun kawo mini shell, peel, husk, bark da case, wai in ba su Hausar kowanne. Na ce huɗun farko duk ɓawo ne. Wata yarinya ta ce, “Malam, to case ɗin waya ma ɓawo ne?” Nan na yi shiru.

Da na koma gida na ga ko huɗun ma na yi musu gaggawa. Ɓawon lemo, ɓawon ayaba, ɓawon itace, duk daidai. Amma na ƙwai da na gyaɗa, mai tauri da ake fasawa, akwai masu cewa kwasfa. Na wake kuwa, bayan an casa, sunansa “kowa”, wadda ake zuba wa tumaki. Husk ɗin gero ko dawa ƙaiƙayi ne, abin da iska ke ɗauka lokacin shiƙa, kuma daban yake da dusa da ke fita wajen surfe. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan masheƙiya ya kwana yana susa ba zai haɗa biyun ba. Mu sau da yawa a aikatau muke rarrabewa: a ɓare gyaɗa, a fere doya, a sussuke gero.

To ɓawo dai abu ne da aka halicci abin da shi, a cire a yar. Case kuwa saye ake yi a saka. Saboda haka ɓawo ya fita.

Na fara tunanin gida, tunda muna da gidan ashana da gidan sauro. Sai na faɗa a bakina: gidan waya. Ai tuni fas ofis ya riƙe wannan sunan.

Wani dattijo a wannan dandali ya kawo shawarar kube. Na ji daɗin kalmar, amma Baba a gafarce ni, wuƙa sai an zare ta daga kube ake aiki da ita. Kube ya dace da jakar fatar nan da ake ratayawa a bel, zamanin Nokia 3310, lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001. Ta ƙara, ka ɓalle maɓalli, ka zaro. Wayar yau kuwa tana ciki kake latsa ta. Gafaka ma haka take, Alƙur'ani sai an fito da shi ake karatu. Ita na fi so mu ajiye wa jakar kwamfutar cinya.

Wata 'yar'uwa ta ce kwanso, kamar kwanson harsashi. Wannan ya yi, amma ga abin da masu gyara ke kira kesin, wato jikin wayar kanta da ake kwancewa da sukuddireba. Na bayan da ke rufe batir kuma murfi ne, babu gardama.

Wani kuma ya ce mu bar wahalar da kai, a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano kwandom kowa ke cewa. Gaskiyarka, na sha ji. Sai dai ka gwada tambayar surukarka ko ta sayi sabo, ka dawo ka ba mu labari.

Ni dai na tsaya a kan rigar waya. Ana saka ta, ana cirewa, ana canzawa don kwalliya, tana tsufa ta yi dauɗa, kuma wayar na aikinta tana sanye da ita. Ban ƙirƙiro ba ma, na ji mata na faɗa. Jiya na ce wa ƙaramar 'yata ta ɗauko mini rigar wayata, ba ta tambaye ni komai ba ta miƙo.

Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuke fama da Faransanci, me kuke cewa? Ranar Litinin zan rubuta wa ɗaliban a allo.