Karatun kula da haƙori ta waya: ku yaya kuka yi?

Mai tambaya, daga Jega:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Zangon nan rabin darussanmu ta Zoom ake yi, sauran kuma malami ya turo takarda ta WhatsApp ya ce kowa ya karanta. Ni da allo na saba. In na zauna da waya sai in rasa ta inda zan kama, ga lambobin haƙora sun ƙi zama a kaina. Yayyenmu da suka riga mu, don Allah yaya kuka yi?

Wata 'yar Argungu:
Wa alaikumus salam ƙanena. Lambobin nan sun ba ni wuya har sai da na ajiye waya na ɗauki madubi. A tsarin FDI, wato tsarin duniya na ba kowane haƙori lamba biyu, lamba ta farko sashen baki ce, don an raba baki huɗu: dama ta sama 1, hagu ta sama 2, hagu ta ƙasa 3, dama ta ƙasa 4, kuma damar mara lafiya ake nufi, ba taka ba. Lamba ta biyu daga tsakiya ake ƙirgo ta. Ka ga 36 shi ne turmin farko na hagu a ƙasa, wanda ke fitowa yaro na wajen shekara 6. Lokacin ƙanwata tana famfara, sai in ce ta buɗe baki in ƙirga nata, in bambance haƙoran nono 20 da na manya 32. Abin da na gani a bakinta bai taɓa ɓace mini ba.

Ɗan Gusau:
Mu namu ya zo da gardama. A watan Satumba 2021 aka rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, ba kira ba data. Duk wanda zai fita daga jihar sai mu haɗa shi da memori ya sauko mana da bidiyo. Mu biyar muke haɗuwa a zaure bayan la'asar, kowa da babin da zai koyar da sauran. Ranar da ta faɗo kaina ne na gane ban iya ba, don na kasa bayanin yadda dattin haƙori ke daskarewa ya zama dutse a gindin dasashi. Na koma na sake karantawa sau uku. Har yau ba na jiran darasin kai tsaye, saukewa nake yi da dare in kwafe a littafi da hannuna.

Ma'aikaciya a Birnin Kebbi:
'Ya'yana, ku ji wannan da kyau. Bidiyo zai nuna muku cewa a lafiyayyen dasashi, zurfin ramin da ke tsakaninsa da haƙori milimita 1 zuwa 3 ne, amma ba zai sa muku nauyin hannu ba. Ranar farko da na riƙe ƙarfen awo a bakin mutum hannuna rawa yake yi, alhali na kalli aikin ya fi a ƙirga. Ku sassaƙa haƙori da sabulu, ku saba riƙon ƙarfe a kan haƙoran roba, duk wannan a gida ana yi. Amma kada wanda ya kuskura ya kankare wa ɗan uwansa haƙori a ɗaki. Kayan aikin nan sai sun shiga tukunyar tururi, zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, in ba haka ba ciwon hanta za ka raba wa mutane.

Uwar yara biyu, Ƙauran Namoda:
Ni lokacina bayan sallar asuba ne, kafin yara su tashi. Nakan naɗi muryata ina maimaita darasi, in saurara ina girki. Surukata ce mai gwada ni. In na yi mata bayanin goro da asuwaki da Hausa ta gane, to na san darasin ya zauna.

Mai tambaya, daga Jega:
Allah ya saka da alheri. Anti, na sayo sabulu biyu ɗazu, fiƙa zan fara sassaƙawa. Yaya na Gusau, mu uku ne a unguwarmu, mun sa ranar Asabar, kuma ni aka ba babin dasashi.