Kwandon wasan Nana ya haɗa ni da uwar mijina

Maman Nana: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyu ban runtsa ba. Ɗiyata wata takwas gare ta, tana zama da kanta amma ba ta fara rarrafe ba. Don in raba ta da wayata na haɗa mata kwandon wasa. Sau biyu na je kasuwar Katako, ranar farko mai kwanduna ya ce jika uku, na fasa, na koma Asabar daga Bukoki cikin wannan rana, har takalmina ya tsinke a bakin kasuwa, na samu na kaba a jika ɗaya da rabi. Na zuba ludayi, 'yar ƙwarya, faifai, sabon soso, ƙyallayen atamfa da shadda na wurin tela, goruba biyu, da robar ruwa da na sa wake ciki don ta yi ƙara. Sai ta yi rabin awa tana juye-juye, ni kuma in samu in yi wanke-wanke. To shekaranjiya abin nan ya faru da waken. Alhamdu lillahi lafiyarta lau. Amma Hajiya, uwar mijina da ta zo daga Tawa, ta kulle kwandon a ɗakinta, wai na mai da jikarta akuya. Maigida ya ce ba ruwanshi. In haɗa wani a ɓoye ko in haƙura?

Maman Isma'il: Wane abu ne ya faru da waken? Kin ba mu labarin takalmi kin tsallake wannan.

Tanti Rabi: Ƙanwata, shekarata goma sha biyu ina koyar da ƙananan yara, ki saurare ni. Kwandon ba shi da laifi. Wata malama 'yar Ingila, Elinor Goldschmied, ita ta yi fice da wannan dabara, kuma don masu irin shekarun Nana ta yi ta, yaron da ya iya zama bai fara rarrafe ba. Amma sharaɗinta babba ya zauna kusa yana kallo. Ke wanke-wanke kika tafi. Na biyu, ki ɗauki kwalin tsakiyar takardar bayi, duk abin da ya shige cikinsa ba na jariri ba ne, don a wannan lokacin komai baki yake zuwa. Wake, gyaɗa, maɓalli, kwabo, leda, doguwar igiya, duk a'a. Ƙaramin batirin agogo ya fi su duka haɗari, cikin awa kaɗan yana ƙona maƙoshi.

Hadiza Wadata: Hmm, ke taki ma kwando ta kulle. Tawa uwar mijin da ta zo wankan jego wata huɗu ta yi, har tukunyata sai ta buɗe ta leƙa. Ranar da na sayo wa yaro keke cewa ta yi ina ɓarnar kuɗin ɗanta, alhali da adashena na saya.

Maman Nana: Tanti, ba nisa na yi ba fa, a tsakar gida nake, taku uku tsakaninmu. Kuma murfin robar waken na ɗaure shi tam, ɗan maƙwabta ne ya kwance. Hajiya ta sa yatsa ta ciro wake guda biyu a bakin Nana.

Tanti Rabi: Yaro ba ya kuka in abu ya toshe mishi iska, shiru za ki ji. Taku ukun da bayanki kika ba ta. Kuma lalube da yatsa yana iya tura abin ciki, sai wanda ido ya gani ake cirowa. In ya shaƙe, a kifa shi bisa hannu, kai ya yi ƙasa, a buga tsakanin kafaɗu sau biyar, a juyo shi a danna ƙirji sau biyar. Gorubar ma ki cire.

Inna Hajo: Haba Rabi, goruba kuma? Da ita muka yi haƙora a Ader, ba ta shiga bakin jinjiri. Ke Maman Nana, kar ki yi komi a ɓoye. Ki bai wa Hajiya haƙuri, ki ce ita ta zaɓi abin da za a sa. Ƙwarya da ludayi ai nata ne tun kafin a haife ki. Sai dai ki dinga kakkaɓe kwandon kullum, kunama na son kaba.

Maman Isma'il: Ni na liƙe murfin tawa robar da gam, shekara guda ba ta buɗe ba. Ki haɗa naki a ɗakinki, ɗiyarki ce.

Tanti Rabi: Gam yana saki da yawu da zafi. Goruba kuma ɓawonta yana gutsurewa. Na faɗi nawa.

Maman Nana: Na ji duka, amma ba ku san Hajiya ba, in na ba ta haƙuri shi ke nan ta samu na faɗa har Tawa. Kuma robar waken ita Nana ta fi so, sauran ko kallo ba ta cika yi musu ba. Har yanzu ba wadda ta gaya mini yadda zan yi da maigida.

Hadiza Wadata: Wai ta wane gefe na Katako kika samu kwandon a jika ɗaya da rabi?