Musayar Baiti: A Ware Wa Mata Kaso A Jami'a Ko A Bar Maki Ya Yi Hukunci?

'Yar Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a. Shekaranjiya na kai yayata haihuwa, muka kwana muna fatan likita mace ba a samu ba sai namiji ne ya zo, Allah ya saka masa ya yi aikinsa tsaf amma ita kam ta sha kunya, tun daren abin ke cina. Mai amsa ya amsa da baiti.

Bismillahi na ɗau alƙalamina,
Ga 'yan Zazzau nake kai kokena,
Ɗakin haihuwa ya tsaya a raina,
Ina matan da za su duba 'yan uwana?
A ware wa mata kaso, shi ne roƙona,
Ajin likita ya cika da ƙannena,
Mace ta duba mace, shi ne burina,
Ko a asibitin Shika ko a ƙauyen kakana.

Ɗan Ƙofar Doka:
Yaya barka, Allah ya raya. Amma wlh ban yarda ba.

Yaya na ji zafin da ke ranki,
Amma ƙofar jami'a mabuɗinta maki,
Sau uku na zauna JAMB, na bar barci na bar biki,
Ɗari biyu da saba'in na ci, in koma shagon ɗinki?
A ba wadda na fi kujerata, ina adalcin hukuncinki?
Ranar tiyata hannun gwani za ki so a jikinki.

'Yar Tudun Wada:
Ƙanena ai ko yanzu ba maki zalla ake bi ba, a jami'o'in tarayya kashi 45 ne na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, kuma ka san su wa suka fi cin moriyar wannan ashirin ɗin.

Kaso ba baƙo ba ne a Arewa,
Da shi yayyenka suka samu shigewa,
Tun 1962 aka buɗe jami'ar ABU a Samaru don mu cim ma masu wucewa,
Tsanin da ka taka, kai ne mai janyewa?
Da na jiha ne ba ka ce zalunci ba,
Da ya zo kan mata ka fara kokawa.

Ɗalibar Likitanci, Samaru:
Anti ni mace ce kuma ina cikin karatun nan, amma a nan kam ina ɗan bayan ɗan uwanmu. A jami'ar Makerere ta Uganda tun 1990 ake ƙara wa mata maki ɗaya da rabi, mata sun ƙaru ba musu, sai dai har tsokanarsu aka riƙa yi da lambar. Ni abin da ya fi tsorata ni shi ne irin na wata jami'ar likitanci a Tokyo da asirinta ya tonu a 2018, ashe rage wa mata maki take a ɓoye.

Anti yi haƙuri ki saurare ni,
Da makina na shiga, ba wanda ya ɗaga ni,
In an ware kaso gobe a asibiti a nuna ni,
A ce "ta kwota ce", majinyaci ya guje ni.
Mudu ɗaya nake so a auna shi a auna ni,
Kar a ƙara mini, kar kuma a tauye ni.

Malamin Kemistiri, Gyallesu:
'Ya'yana na karanta duka. Na fi shekara ashirin ina koyarwa a makarantar 'yan mata, abin da idona ya gani zan faɗa, a aji ɗaya benci ba ya isarsu amma kafin aji shida sai ka ga gurabe, kuma sau da yawa masu ƙwaƙwalwar ne ke ɓacewa, har yau akwai fuskokin da ban manta ba.

Kuna ta gardama a bakin rijiya,
Igiyar gugan ta tsinke tun jiya,
Yarinya ta fi kowa lissafi a aji ɗaya,
Kafin aji shida ta zama amarya,
Ba auren nake zargi ba, barin karatun ne ciwon zuciya.
Wata tana tasha da tire, rana ta ƙona ta gaba ɗaya,
Wata kuɗin fom ya gagara, na namiji uba ya biya.
Kujerar da za ku ware, wa zai hau in ba 'yar mai dukiya?
Nana Asma'u ba ta jira mata su zo ba,
Jaji, malamai mata, ta aika ƙauyuka da karatu a zuciya.

Ɗan Ƙofar Doka:
Malam maganarka ta taɓa ni. A kan kwota ina nan inda nake, amma akwai abin da ban faɗa ba.

Sau ukun nan Baba ne ya biya mini,
Ƙanwata ko sau ɗaya ba a tambaye ta ba, sai ni,
Ita ke koya mini fiziks in dare ya yi mini,
Bana daga ɗinkina fom ɗinta ya zama wajibi a kaina ni.

'Yar Tudun Wada:
Allah ya ba ka iko ƙanena, in kuɗin ya gaza ka yi mini magana. Malam na ji, ƙanwata ta Samaru ke ma na ji, amma ban janye ba fa, yayar wata na kan gwiwa yau da daren nan.

A gyara igiya, na yarda Malamina,
A ware kason ma, ban sauke roƙona,
Abin da aka haifa mace ce, 'yar yayata kuma 'yata ta kaina,
Ranar Laraba a Tudun Wada za a yi suna.