Faifan birki 160, 180 ko 203: wanne zan ɗaura saboda gangaren Aburi?

Sadiku na Nima:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san kan keke. Ina da keken hawan dutse na hannu, taya inci 29, birkinsa na kamfanin Shimano mai aiki da mai, faifan birkin da ke jikin taya milimita 160 gaba da baya. Ni kuma mutum ne mai jiki, kilo 95 nake. Cikin garin Accra, daga Nima zuwa Madina, ba ni da wani kuka da shi.

Damuwata ranar Asabar ce idan mun hau tsaunin Aburi. A dawowa, daga Peduase zuwa Ayi Mensah, kafin in raba gangaren biyu birkin ya fara saki. In matse har yatsuna su yi tsami, keken bai kama yadda ya saba ba, ga ƙauri na tashi. Faifan baya har ya sauya launi, ya yi shuɗi-shuɗi. Hanyar nan kuwa duk kwana ce, ga motoci. Ina da iyali, abin ya fara ba ni tsoro. Wani abokin hawana ya ce in ɗaura 203 gaba da baya in huta. Me kuka gani?

Malam Isaka mai gyaran keke, Madina:

Wa alaikumus salam ɗana. Abin da ka faɗa zafi ne ya jawo shi. Duk gudun da ka rage a gangare, faifai da fad (wato abin da ke matse faifan) ne ke shanye shi, ya zame musu zafi. Idan zafin ya fi ƙarfinsu, fad ya daina kamawa sosai. Mai kilo 95 a kan babbar taya, a gangare mai tsawo irin na Aburi, ya yi wa 160 yawa. Ƙaramin kasko ya fi babba saurin ɗaukar wuta, haka ƙaramin faifai yake.

Babban faifai yana ba ka abu biyu. Wurin da fad ke matsewa ya fi nisa da tsakiyar taya, don haka da matsa ɗaya ka fi samun kamu: daga 160 zuwa 180 ƙarin ya kai kashi 12 cikin 100 ko sama da haka kaɗan, zuwa 203 kuma ya haura kashi 25. Na biyu, ƙarfen ya fi yawa, ya fi jure zafi, ya fi saurin hucewa. A wurinka na biyun ne ya fi amfani.

Amma kada ka yi saurin sayen 203. Kowane fok, wato ƙafafun nan biyu da ke riƙe tayar gaba, yana da iyakar girman faifan da kamfaninsa ya amince da shi, kuma yawancin kekunan hannu da ake kawo mana foka-fokansu masu sauƙi ne, tayar gaba kuma siririn ƙarfen nan mai maɗauri ne ke riƙe da ita. Ka ɗora wa irin wannan ƙarfin da ba a ƙera shi dominsa ba, fok ya riƙa murɗewa, tayar ma tana iya gocewa daga mazauninta. Ba na son in ji haka ta same ka a kwanar Peduase. Duba jikin fok ɗin, ko ka nemi lambarsa a intanet.

In ni ne kai, 180 a gaba, 160 a baya. Birkin gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa, domin nauyinka gaba yake komawa. Shuɗin da ka gani a baya yana nuna mini kana riƙe birkin baya tun daga sama har ƙasa. Matsa duka biyun da ƙarfi kafin kwana, ka saki su sha iska.

Abdul Razak, Aboabo:

Gaisuwa daga Kumasi. Namu gangaren na tafkin Bosomtwe ne, daga Kuntanase zuwa Abono. Na goyi bayan Malam kan faifan baya. Da zarar ka bar kwalta ka shiga jar ƙasa mai tsakuwa, babban faifai a baya kulle tayar kawai yake yi, ta yi ta ja a ƙasa. Kuma ya fi saurin lanƙwasa idan an cusa keken a bayan motar haya ta trotro. Duba irin fad ɗinka ma. Na ƙarfe ya fi na resin, wato mai laushin nan, jure zafi da laka, sai dai ya fi ƙara.

Yahuza Adenta:

Ni dai 203 nake amfani da shi a gaba, da yatsa ɗaya nake sauka Aburi. Amma fok ɗina mai kaurin aksil ne, wato ƙarfen da ke riƙe tayar, an kuma rubuta yana ɗaukar 203. Sadiku, in naka ya yarda, me zai hana?

Sadiku na Nima:

Na gode ƙwarai. Baba Isaka, na duba kamar yadda kuka ce: iyakar fok ɗin 180 ne, don haka maganar 203 ta wuce, Yaya Yahuza. Faifan mai noti shida ne. Akwai kuma rubutu a jikinsa cewa fad na resin kaɗai ake sa masa. Me zan saya ke nan?

Malam Isaka mai gyaran keke, Madina:

Madalla. Nemi faifai 180 mai noti shida, kada a ba ka samfurin Center Lock da ake ɗaurewa da zobe ɗaya a tsakiya, ba zai hau tayarka ba. Sai adafta mai ƙara milimita 20 da dogayen notinta, don kan birkin da ke riƙe da fad ya matsa waje ya dace da sabon faifan. In fad na ƙarfe kake so, ka tabbata sabon faifan ba shi da wannan rubutun.

Na bayan da ya yi shuɗi, kawo mu auna kaurinsa. Na Shimano yana zuwa da milimita 1.8, idan ya sauko 1.5 ya gama aiki. Fad ɗin bayan ma na tabbata ya ƙone ya yi santsi, za mu canza shi, mu duba man birkin ko iska ta shiga. Man Shimano daban yake, kada kowa ya zuba maka na mota, zai cinye robobin ciki.

Kafin ka koma Aburi, nemi miƙaƙƙiyar hanya marar motoci, ka ɗan yi gudu ka matsa birki har ka kusa tsayawa, ka sake, kamar sau ashirin, don fad ya zauna a kan faifan. Ina shago kullum bayan Azahar, ban da Juma'a.